Share Talla Ba Ya Mayar Da Kunkuru Daji: Sharhi Kan Yaƙi Da Cinikin Namun Daji A Intanet

Kwanakin baya, a wani zauren hira na waya da muke ciki, mu 'yan asalin Boɗinga da karatu ko aiki ya kai mu wasu garuruwa, wani ya turo bidiyo. Kunkuru ne guda biyu, manya, irin waɗanda ƙaramin yaro zai iya hawa bayansu, an ajiye su a tsakar gida kusa da turmi. Babu rubutu ko ɗaya a jikin bidiyon. Murya ce kawai take cewa kaya sun iso, mai so ya yi magana ta gefe, kuma ana kai wa har Kano da Abuja. Kafin magariba har an fara tambayar farashi. Ni kuma na tambayi daga ina aka samo su. Amsar da na samu ita ce: “Daga daji mana. Ko kai ma kana so?”

A satin ne na je Shagari gaishe da kawuna, wanda ya shafe shekaru yana fawa kafin ƙafa ta zaunar da shi. Cikin hira na tambaye shi yaushe rabonsa da ganin angulu a mahauta. Ya yi jim, sannan ya ce: “Ɗan nan, da can sai mun kore su da sanda kafin mu yi fiɗa. Tun da anka fara sayen kawunansu sunka ɓace. Yanzu karnuka ad da wurin.”

Waɗannan abubuwa biyu ne suka sa na zauna na karanta dokoki da tsare-tsaren da aka ce an yi domin hana cinikin namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, musamman a intanet. Na auna su da tambaya guda: da an bi su sau da ƙafa, za su hana bidiyon nan da na gani? Abin da na tarar shi ne an yi aiki, ba laifi, amma awon da aka yi wa matsalar ba na jikinmu ba ne. An ɗinka rigar ne domin kwantena a tashar jirgin ruwa ta Legas da rubutaccen talla da Turanci, mu kuwa namu cinikin da murya ake yin sa, da Hausa, kayan kuma a bayan motar haya suke tafiya.

Me ake sayarwa, kuma me ya dame mu da shi?

Mu fara da kunkurun. Irin wanda na gani a bidiyo shi masana ke kira *Centrochelys sulcata*. Ɗan yankin Sahel ne, daga Sanagal har Habasha, kuma duk duniya babu kunkurun tudu da ya fi shi girma in ka cire na wasu tsibirai. Yakan wuce kilo 50, yakan haura shekara 50 a duniya, yana haƙa rami mai zurfi ya shige lokacin bazara. Matsalarsa ita ce jinkiri. Sai ya yi shekara goma ko fiye kafin ya fara haihuwa, kuma yawancin 'ya'yansa ba sa kai labari, tsuntsaye da sauran maciya nama ke cinye su tun suna ƙanana. Dabbar da rayuwarta take haka, jarinta shi ne manyan da suka tsira. Idan ka ɗauke mace babba guda ɗaya daga daji, ka ɗauke ƙwan da za ta yi na shekaru masu yawa. Shi ya sa ƙungiyar IUCN, mai kula da kundin halittun da ke cikin haɗari, ta sa shi cikin masu fuskantar ƙarewa.

Haka abin yake ga gauraka, tsuntsun da ake yawan kira tsuntsun ƙasa na Najeriya. A yau ya fi sauƙi ka gan shi yana yawo a harabar gidan mai hali da ka gan shi a fadama. Ga barewa, ga jimina, ga aku, ga fatun mesa da guza da kada da ke shiga aikin dukanci.

Angulu kuwa ita ce ta fi ba ni tsoro. Irin wadda muka saba gani a mahauta da bakin kasuwa, *Necrosyrtes monachus*, tun 2015 IUCN ta sa ta a matakin ƙarshe kafin ɓacewa daga daji. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Wani nazari da Darcy Ogada da abokan aikinta suka wallafa a 2016 ya duba nau'i takwas na angulayen Afirka, ya gano bakwai daga ciki sun ragu da kashi 80 cikin ɗari ko fiye a tsawon zuriya uku. Guba da cinikin sassan jikinsu domin magani da tsibbu su ne suka haddasa kashi 90 cikin ɗari na mace-macen da aka rubuta. Binciken Yohanna Saidu da Ralph Buij na 2013 a kasuwannin arewacin Najeriya ya nuna cewa wannan ciniki a gidanmu yake. A 2020 an kashe angulaye sama da 2,000 da guba a Gini Bisau, an cire kawunan da yawa daga cikinsu.

To, me ya shafi mai kiwon awaki a Danchadi ko Sifawa? Angulu ma'aikaciyar tsafta ce da ba a biya. Ruwan cikinta yana da tsami ƙwarai, har yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa da ke cikin mushe. Indiya ta ɗanɗana rashinta. Daga shekarun 1990 maganin dabbobi mai suna diklofenak ya kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu nau'o'in angulayen ƙasar, kafin a hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan titi suka ƙaru, ruwa ya gurɓace. Eyal Frank da Anant Sudarshan, a wani nazari da suka fitar a 2024, sun ƙiyasta cewa hakan ya jawo ƙarin mutuwar mutane kimanin 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Ka tuna abin da kawuna ya ce game da karnuka.

Abin da waya ta canza

Cinikin namun daji ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Maharba da 'yan magori da masu sayar da tarkacen magani a gefen kasuwa sun daɗe da mu. Amma a da, ciniki yana da birki. Mai kunkuru sai ya jira ranar kasuwa, sai ya ɗauki kayansa ya baje a idon jama'a, kuma masu sayensa su ne waɗanda ƙafarsu ta kawo su wurin. Idan ba a saya ba, ya koma da abinsa, gobe ba zai wahalar da kansa ya kamo wani ba.

Waya ta cire birkin nan. Yanzu mai saye yana Abuja ko Legas, ko ma wata ƙasar, yana ganin kaya kafin a ɗauko. Wani lokaci ma oda ke zuwa kafin a shiga daji, wato kasuwa ce ke aika maharbi. Kuɗi kuma ta taransifa ko wurin mai POS. Saura kai kaya, shi ma mai sauƙi ne. Boɗinga da Shagari suna kan babbar hanyar da ta taso daga Illela, bakin iyaka da Birnin Ƙonni, ta ratsa Sakkwato, ta bi Tambuwal da Jega ta gangara kudu har Legas. Kwali ɗaya mai huji-huji a hannun direba, da lambar wayar wanda zai karɓa, shi ke nan.

Don haka cinikin yana da gaɓoɓi huɗu: talla, magana ta gefe, biyan kuɗi, da sufuri. Riƙe wannan a ranka, domin duk sukar da zan yi a kansa ta rataya. Kusan duk ƙoƙarin da ake yi a gaɓar farko ya tsaya.

Suka ta farko: dokar da ta tsaya a bakin iyaka

Uwar dokokin ita ce yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a Washington ranar 3 ga Maris 1973, ta fara aiki a 1975. Najeriya tana cikin ƙasashen farko da suka shiga. Yarjejeniyar ta kasa halittu rukuni uku. Na rukunin farko an hana kasuwancinsu tsakanin ƙasashe, kamar ɗankunya, wanda duniya ta fi sani da fangolin, da aku mai ruwan toka, waɗanda aka mayar wannan rukuni a taron Johannesburg na 2016, da kuma jiminar yankinmu. Na rukuni na biyu ana iya cinikinsu amma da takardar izini. Kunkurunmu yana nan, sai dai tun 2000 aka ce ko ɗaya ba za a fitar ba in daga daji aka kamo shi.

A gida, Doka ta 11 ta 1985 ce ta shigo da yarjejeniyar cikin dokokinmu. Tarar da ta sa wa mai laifin farko a kan dabbobin da aka fi karewa naira 1,000 ce, kuma haka ta zauna har sai 2016 da aka yi mata gyara aka ƙara. Sakacin aiwatarwa ya kai ga an dakatar da Najeriya daga cinikin halittun CITES daga 2005 zuwa 2011.

Ga inda gizo ke saƙar. CITES ta cinikin ƙasa da ƙasa ce. Kunkurun da aka kama a dajin Sakkwato aka sayar wa ɗan Kano bai tsallaka iyaka ba, saboda haka yarjejeniyar ba ta da ta cewa. Dokar 1985 ta hana farauta da cinikin dabbobin jadawalinta na farko, gaskiya ne, amma waɗanda ke riƙe da ita a aikace, wato Kwastam da hukumar NESREA da aka kafa a 2007, ƙarfinsu ya fi yawa a tashoshin jiragen ruwa da na sama. Farauta da ciniki na cikin gida galibi a hannun jihohi suke, kuma jihohin arewa da dama har yanzu suna jingine ne da dokar namun daji ta 1963 da suka gada daga tsohuwar Jihar Arewa. Dokar da aka rubuta kafin yawancin garuruwanmu su ga wayar tangaraho, ita ake so ta yi maganin bidiyon da ke ɓacewa bayan awa 24.

Akwai kuma ƙofar baya da ake kira “kiwon gida”. Tunda an hana fitar da na daji amma an halatta wanda aka haifa a gidan kiwo, sai a kamo na daji a yi masa takardar na kiwo. Angulu da kan zabo ke nan. A hoto ko bidiyo babu yadda za ka bambance su, kuma mai talla ya san haka.

Suka ta biyu: ƙidayar tallan da aka share

A Maris 2018 ƙungiyoyin WWF da TRAFFIC da IFAW suka haɗa kai da manyan kamfanonin fasaha, irin su Google da Facebook da eBay da Alibaba, suka kafa gamayyar yaƙi da fataucin namun daji a intanet. Burinsu a rage shi da kashi 80 cikin ɗari kafin 2020. Zuwa 2021 sun ba da rahoton cewa kamfanonin sun share ko sun toshe talla sama da miliyan 11. A 2019 kuma Facebook ya hana cinikin dabbobi masu rai tsakanin ɗaiɗaikun mutane.

Adadin yana da daɗin ji. Amma duk wanda ya taɓa zama ajin ƙididdiga zai tambaya: miliyan 11 cikin nawa? Idan likita ya ce maka ya warkar da mutum dubu, ba ka san ko annoba ta lafa ba sai ka san mutum nawa suka kamu. Adadin tallan da aka share yana iya ƙaruwa domin an ƙware wajen ganowa, yana kuma iya ƙaruwa domin cinikin ne ya bunƙasa. Adadin shi kaɗai ba zai gaya maka wanne ne ba. Kuma kamfanonin ne ke ba da alƙaluman da kansu, ba tare da wani na waje ya tantance ba. Da ƙungiyar Avaaz ta gwada a 2022, cikin kwana biyu kacal masu bincikenta, waɗanda ba ƙwararru ba ne a harkar, suka samo talla 129 na namun daji a Facebook, kuma manhajar da kanta ta riƙa nuna musu ƙarin shafuka irinsu.

Na biyu, share talla ba kama mutum ba ne. Kunkurun yana nan a tsakar gida, mai shi zai buɗe sabon shafi kafin la'asar. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Wani lokaci ma sharewar tana goge shaidar da mai bincike zai bi ya gano dillali.

Na uku, kuma wannan ya fi shafarmu, shi ne harshe. Na'urorin da ke tace talla da kalmomi aka horar da su, kuma mafi yawan horon da Turanci da wasu manyan harsuna aka yi shi. Takardun cikin gida na Facebook da Frances Haugen ta fallasa a 2021 sun nuna yadda sa idon kamfanin yake da rauni a harsunan da ba Turanci ba. To ina ga Hausa, wadda kalma ɗaya ake rubuta ta hanya uku? Wani ya rubuta angulu, wani ungulu, wani ya ce “mai kan sanƙo”. Wani ya rubuta ƙ da q. Wani bai rubuta komai ba, ya ce “kaya sun iso” da bakinsa, da karin harshen Sakkwato. Na taɓa kai ƙarar wani talla makamancin wannan a wani dandali, amsar da ta dawo ita ce bai saɓa wa ƙa'idojinsu ba. Ban yi mamaki ba, domin da wuya in wanda ya duba, mutum ne ko na'ura, ya ji abin da aka faɗa.

Na huɗu, asalin cinikin a ɓoye yake. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga waya zuwa waya, kamfanin kansa ba ya iya karanta su. Ni ba na cikin masu cewa a fasa wannan kulle, domin shi ke kare sirrin ɗan jarida da 'yar kasuwa da kowa. Amma sai mu yarda cewa dabarar da ta dogara da leƙen talla ba za ta taɓa ganin wannan ɓangaren ba.

Suka ta uku: tsananta hukunci

A 2025 majalisun tarayya biyu suka amince da sabon ƙudurin kare halittun da ke fuskantar ƙarewa, wanda ɗan majalisa Terseer Ugbor ya gabatar. Ya tanadi ɗauri har na shekara goma, ya kuma ba masu bincike ƙarin iko, har da bin sawun kuɗi. Wannan ci gaba ne, kuma ɓangaren bin kuɗin shi ne ya fi burge ni.

Sai dai masu nazarin laifuka sun daɗe da gano wani abu: abin da ya fi hana mutum aikata laifi shi ne yaƙinin za a kama shi, fiye da girman hukuncin da aka rubuta. Mai tallan kunkuru bai ɓoye muryarsa ba, bai ɓoye lambarsa ba, domin a iya saninsa ba a taɓa kama kowa a kan haka ba. Ka mayar da hukuncin shekara ashirin, lissafinsa ba zai canza ba muddin babu mai zuwa.

Sannan idan an tashi kamen, wa hannu zai fi saurin kai wa? Yaron da ya tsinci kunkuru a gona a ƙauyen Shagari, wanda bai taɓa jin sunan CITES ba, ko Alhajin da ya yi oda domin ƙawata lambun gidansa? Doka mai tsanani a hannun tsarin da ba ya iya kai wa ga manya, a kan talaka take sauka. Kuma ranar da mutanen ƙauye suka ɗauki kare namun daji a matsayin sabuwar hanyar tatsarsu a shingen hanya, an rasa su ke nan, alhali su ne kaɗai ke ganin abin da ke faruwa a dajin, musamman yanzu da rashin tsaro ya hana ma'aikatan gandun daji shiga wurare da dama.

Akwai kuma son manyan kaya. Duniya ta san Najeriya ne ta hanyar ɓawon ɗankunya da hauren giwa. A Afrilu 2019 Singafo ta kama kwantenoni biyu daga Najeriya, kowacce ɗauke da ɓawon ɗankunya sama da tan 12. A Oktoba 2023 gwamnati ta ƙona kusan tan huɗu na ɓawon a Abuja, a Janairu 2024 kuma ta niƙe hauren giwa kimanin tan biyu da rabi. Dabarun ƙasa na yaƙi da laifukan namun daji da gandun daji na 2022 zuwa 2026 ma a cikin wannan yanayi aka haife su. Duk wannan daidai ne. Amma tallafi da horo da 'yan jarida duk sun bi kwantena. Dabbobin Sahel kuwa ɗaya-ɗaya suke fita, biyu-biyu, a kwali, ba su taɓa cika ma'aunin da zai kai su kanun labarai ba, har su ƙare.

A faɗi gaskiya: akwai abin da ya yi aiki

Kada a ce na zo rushe komai. Matsa wa kamfanoni yana da amfani. Tun Janairu 2009 eBay ya hana sayar da hauren giwa, kuma korar ciniki daga fili zuwa lungu tana rage masu sayen ganin-ido, waɗanda ba su fito neman aku ba sai da aka nuna musu. Kwastam ma sun nuna suna iyawa idan sun sa kai: a Yuli 2025 sun kama tsuntsaye sama da 1,600 a filin jirgin Legas ana shirin kai su Kuwait. Sannan tallan fili taska ce ga mai bincike. Rowan Martin da abokan aikinsa sun yi amfani da shafukan sada zumunta a 2018 wajen gano hanyoyin da ake bi da aku daga Afirka zuwa Asiya da Gabas ta Tsakiya. Wato tallan da ake gaggawar sharewa yana iya zama zaren da za a ja a kai ga dillali.

Wasu ƙasashe kuma sun wuce matakin roƙon kamfani. Dokar kare namun daji ta Sin da aka gyara a 2016 ta hana dandalin intanet ba da fili ga haramtaccen cinikin namun daji. Dokar Tarayyar Turai kan ayyukan intanet, wadda ta fara aiki gaba ɗaya a 2024, ta wajabta wa kasuwannin intanet su san ko su wane ne 'yan kasuwar da ke talla a kansu. Mu ma muna da tushe: ƙa'idar da hukumar NITDA ta fitar a 2022 ta ɗora wa manyan dandali nauyin cire abin da ya saɓa wa doka idan an sanar da su. Abin da ya rage shi ne a samu wanda aikinsa ne ya sanar, kuma ya san kunkurun Sahel in ya gan shi.

Da ni za a tambaya

Da farko, a sauya ma'auni. Maimakon talla nawa aka share, a riƙa tambayar dillali nawa aka gano, shari'a nawa ta kai ƙarshe, dabba nawa aka ƙwato da rai. Sama da duka, a riƙa ƙidayar dabbobin kansu. Ƙidayar angulu a mahautun Boɗinga da Shagari da Tambuwal sau ɗaya a wata aiki ne da ɗaliban nazarin halittu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo za su iya yi da littafi da biro, kuma bayan shekara biyar zai gaya mana gaskiyar da rahoton kamfani ba zai gaya mana ba.

Na biyu, a sa masu jin Hausa a aikin. CITES da kanta ta shawarci ƙasashe su kafa sashe na musamman mai binciken laifukan namun daji da ke da alaƙa da intanet. Irin wannan sashe a Najeriya, in babu mai jin Sakkwatanci da Fulatanci da Zabarmanci a cikinsa, rabin ƙasar a duhu yake. A kuma tattara sunayen dabbobin da laƙabobinsu da yadda ake rubuta su a waya, a miƙa wa kamfanonin, a kuma riƙa sabuntawa.

Na uku, a bi sauran gaɓoɓin. Talla yana ɓacewa, amma taransifa tana barin sawu, kwali kuma dole ya bi ta tasha. Shugabannin direbobi da 'yan kamasho sun fi kowace na'ura sanin abin da ke shiga mota. Takarda ɗaya mai hotunan dabbobi goma da aka hana, da Hausar boko da ajami, a manne a tasha tare da lambar da za a kira, ba za ta ci kuɗin taron bita guda a otal ba.

Na huɗu, Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ta yi wa jihar dokar namun daji ta wannan zamani, wadda ta ambaci talla da ciniki ta waya ƙarara, ta bambanta mai tsintuwa da dillali da mai oda, ta kuma buɗe ƙofa ga wanda yake da kunkuru ko gauraka a gida tun da daɗewa ya yi rajista ba tare da tsoro ba. Dole kuma a tanadi wurin ajiye dabbar da aka ƙwato, domin jami'in da bai san inda zai kai kunkuru mai kilo 50 ba, kau da kai zai yi.

Na biyar, a yi magana da masu saye. Gidauniyar NCF ta yi aiki da masu maganin gargajiya a arewa domin su koma ga itatuwa da saiwoyi a madadin sassan angulu. Wannan hanya ta fi kama da mu, domin ta ɗauki mai magani a matsayin abokin shawara. Malamai da hakimai da sarakunan fawa da na maharba suna da bakin da za a ji fiye da sanarwar Abuja.

Kai kuma mai karatu, naka ya fi sauƙi. In ka ga irin bidiyon nan, kada ka tura wa wani, ko da da niyyar mamaki ne, domin turawar ita ce tallan. Kada ka tambayi farashi don wasa, mai kaya yana ɗaukar tambayarka a matsayin kasuwa. In ɗan'uwanka ne, yi masa magana ta gefe kamar yadda shi ma ya nema, ka gaya masa shekara nawa dabbar ta yi kafin ta kai girman nan.

Ni ma abin da na yi ke nan da mai bidiyon. Ya saurare ni har na gama, ya ce wallahi bai san an hana ba, kuma na yarda da shi. Sai dai ya ce na makara, an riga an sa su a mota tun da safe.